Biri da Dutse: Tarihin Gardama Kan Ko Dabba Ta San Dalilin Abin da Take Yi

A shekarar 1887, mujallar kimiyya ta Nature da ake bugawa a Landan ta fitar da wata gajeriyar wasiƙa daga Alfred Carpenter, wani hafsan sojan ruwan Ingila da ke aikin auna teku a gaɓar Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Ya ce a tsibiran Mergui, idan ruwan teku ya janye, birai sukan sauko bakin gaɓa, kowanne ya ɗauki dutse ya riƙa dukan kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke manne a jikin duwatsu, har ɓawon ya fashe ya zaƙulo naman ya ci. An buga wasiƙar, aka kuma manta da ita. Sai da aka shekara 120 kafin masana su tabbatar a rubuce cewa abin da hafsan ya gani gaskiya ne.

Wannan mantuwa tana da dalili. A tsawon waɗannan shekaru, masana ba su ɗauki aiki da dutse ko sanda a matsayin ƙaramin abu ba. Sun ɗauke shi shaidar hankali, wato shaidar cewa mai aikin ya san sanadi ya kuma san sakamako: dutse mai nauyi ne ke fasa ɓawo, sanda mai tsawo ce ke kaiwa inda hannu bai kai ba. Tambayar da ta hana su sakat ita ce, idan biri ya ɗauki dutse ya fasa ƙwallo, ya san abin da ya sa ƙwallon ya fashe, ko kuwa ya saba ne kawai da cewa in ya yi kaza, kaza kan biyo baya? Bahaushe kan ce biri ya yi kama da mutum. Tarihin wannan bincike tarihi ne na ƙoƙarin gano iyakar kamar.

Akwai bambanci guda da ya kamata a fayyace tun farko. Kalmar biri a Hausa ta haɗa iri biyu da masana halittu ke rabawa. Akwai manyan birai marasa wutsiya, irin su cimfanzi da gorila, akwai kuma sauran birai, mafi yawansu masu wutsiya, irin su jan biri da bika. An daɗe ana ganin in ma akwai dabbar da za ta fahimci sanadi, to a rukunin farko take. Wannan labari ya fi shafar rukuni na biyu, musamman wani ɗan ƙaramin biri na Kudancin Amurka da ake kira kafucin, wanda nauyinsa bai wuce na kyanwa ba.

Makarantu biyu

A ƙarshen ƙarni na 19, littattafan Turai cike suke da labaran hikimar dabbobi, mafi yawansu daga bakin masu kiwo da matafiya. Masani ɗan Ingila C. Lloyd Morgan ne ya taka wa abin burki a 1894. Ƙa'idar da ya kafa ita ce, kada a jingina wa dabba tunani mai zurfi matuƙar ana iya bayyana halinta da hanya mafi sauƙi. Misalinsa karensa ne, wanda ya iya buɗe ƙofar lambu ta hanyar ɗaga sakata da kansa. Wanda ya ga karen a ranar ƙarshe zai rantse ya fahimci yadda sakata ke aiki. Morgan kuwa ya ga yadda abin ya faro: karen yana ta cusa kai tsakanin sandunan shinge, wata rana ya dace da sakatar, daga nan ya riƙe.

Edward Thorndike na Amurka ya mayar da wannan ra'ayi gwaji. A 1898 ya riƙa kulle kyanwoyi a akwatunan da ba sa buɗewa sai an ja igiya ko an taka wani katako, yana ƙirga lokacin da suke ɗauka kafin su fita. A 1901 ya yi irin wannan aiki da biran kafucin uku. Ya yarda cewa sun fi kyanwa da kare saurin koyo, amma bai ga alamar suna yin nazari ba. A wurinsa, duk abin gwaji ne da kuskure: abin da ya kawo abinci a maimaita shi, abin da bai kawo ba a bar shi.

Bajamushe Wolfgang Köhler bai gamsu ba. Hujjarsa ita ce, akwatin Thorndike ya ɓoye yadda sakatar ke aiki, don haka ko mutum aka saka ciki sai ya yi lalube. Daga 1913 ya shugabanci wata tashar bincike a tsibirin Tenerife, inda ya riƙa ajiye wa cimfanzi ayaba a inda hannu ba ya kaiwa, ya kuma bar sanduna da akwatuna a fili. Wani mai suna Sultan ya haɗa gora biyu, ya zura siririyar cikin mai kaurin, ya jawo ayabar. Köhler ya ce wannan fahimta ce da ke zuwa farat ɗaya bayan an dubi matsalar gaba ɗayanta. Ya buga littafinsa a 1917. A 1933 kuma Heinrich Klüver na Jami'ar Shikago ya ba da rahoton wata biranyar kafucin da ta warware irin waɗannan matsaloli da yawa da sanduna da akwatuna, har ta kusa kamo cimfanzi.

Duk da haka, abin da aka gani a keji bai girgiza ra'ayin da ya kafu ba, cewa ƙera kayan aiki na mutum ne shi kaɗai. Sai a 1960, da Jane Goodall ta ga cimfanzi a dajin Gombe na Tanzaniya yana zage ganyen tsinke yana zura shi cikin suri don kamo gara, aka buɗe ƙofa. Amma manyan birai kaɗai aka buɗe wa. Ƙananan sun ci gaba da zama a waje.

Bututun birnin Rum

Wadda ta sa gardamar a kan mizani mai kyau ita ce Elisabetta Visalberghi, masaniya a Hukumar Bincike ta Ƙasar Italiya da ke birnin Rum. Ta san kafucin gwanaye ne wajen sarrafa abubuwa, domin duk abin da ya shiga hannunsu sai sun buga shi, sun goga shi, sun cusa shi a wani rami. Abin da take so ta sani shi ne ko gwanintar tana tafe da fahimta.

A wani aiki da ta buga tare da Loredana Trinca a 1989, an kwantar da bututu mai haske kamar gilashi, aka saka abin ci a tsakiyarsa. Biran sun koyi tura shi waje da sanda. Daga nan aka fara canza sandar. Wani lokaci a ba su damin tsinke da aka ɗaure wanda ya fi bakin bututun kauri, wani lokaci gajerun sanduna da sai an jera su ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci sanda mai ƙaho a kowane gefe. A ƙarshe sukan ci nasara, amma kurakuran da suke yi a hanya sun fi nasarar faɗin gaskiya. Biri zai kwance dami, ya jefar da doguwar sanda, ya cusa ɗan guntun da bai isa ko'ina ba. Zai zura gajeriyar sanda ta wannan baki, ya zaga ya zura wata ta ɗaya bakin. Kuma kurakuran ba su ɓace ba duk da yawan maimaici.

A 1994 ta fito da gwajin da ya yi suna, tare da Luca Limongelli. Bututun nan ne dai, amma an huda rami a ƙasansa daga tsakiya, aka manna masa ɗan ƙoƙo. Ana ajiye abincin a gefe ɗaya na ramin. In biri ya zura sanda ta bakin da ya fi kusa da abincin, zai tura shi cikin ramin ya rasa. In ya zura ta bakin da ya fi nisa, sandar za ta tsallake ramin ta fitar da abincin. Komai a bayyane yake, babu abin da aka ɓoye, don haka ƙorafin Köhler bai shafi wannan gwaji ba.

An gwada birai huɗu, kowanne sau 140. Uku ba su wuce sa'a ba, rabi su dace rabi su rasa. Ta huɗun, wata matashiya mai suna Roberta, ta fara kamar sauran, sannan a kashi na biyu na gwajin ta riƙa dacewa kusan kowane lokaci. Da a nan aka tsaya, da an ce an samu biri mai fahimta. Sai masanan suka juya bututun, ramin ya koma sama, inda babu abin da zai iya faɗawa cikinsa. Roberta ta ci gaba da zagawa bakin da ya fi nisa. Hukuncin da aka yanke shi ne, ba ramin ta fahimta ba, doka ta haddace: a zura sanda ta inda abinci ya fi nisa. A shekarar 2000, Daniel Povinelli na Amurka ya fitar da littafi kan gwaje-gwajen da ya yi da cimfanzi, ya kai ga matsaya mai kama da wannan, har ya faɗaɗa ta. A ganinsa, dabbobi suna lura da abin da ido ke gani ne kawai, ba sa tunanin abubuwan da ba a gani kamar nauyi da ƙarfin da ke jawo abu ƙasa.

Sai dai shi ma mizanin an auna shi. A 2005, Francisco Silva da abokan aikinsa suka ba manyan mutane wannan bututu da aka juya. Mafi yawan lokuta su ma sun kauce wa ramin da ba shi da illa. Dalilin a fili yake: in hanyar da aka saba tana aiki kuma ba ta cin komai, me zai sa a canza ta? Wato abin da aka kafa hujja da shi a kan Roberta, mutum ma yana yin sa. A 2006 kuma Nicholas Mulcahy da Josep Call suka nuna cewa manyan birai sun fi saurin warware matsalar idan aka ba su damar jawo abincin zuwa gare su maimakon tura shi nesa, domin ture abinci daga gabanta abu ne da ya saɓa wa ɗabi'ar dabba. Daga baya Amanda Seed ta cire sandar gaba ɗaya, ta bar cimfanzi su motsa abincin da yatsa, sai suka fi yin ƙoƙari. Ya bayyana cewa bututun yana auna abubuwa da yawa a haɗe: fahimtar rami, da iya riƙe sanda, da iya danne kwaɗayi. Faɗuwa a gwajin ba ta nuna wanne ne ya gaza ba.

Maƙerar daji

Ana cikin wannan sai labari ya zo daga inda ba a zata ba. A 2003, bayan wani hoto da ya bazu na kafucin yana ɗaga dutse a daji, Visalberghi da Dorothy Fragaszy ta Jami'ar Jojiya da Patrícia Izar da Eduardo Ottoni na Jami'ar São Paulo suka je wata gona da ake kira Boa Vista, a jihar Piauí da ke arewa maso gabashin Burazil. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, mai tsaunukan jan dutse da gajerun itatuwa dangin kwakwa da goriba. Abin da suka tarar suka buga shi a 2004.

Biran wurin suna da wuraren aiki da suke komawa kullum: faffaɗan dutse ko kututture da ya zama musu uwar maƙera, wanda yawan duka ya yi wa ƙananan ramuka. Biri zai kawo ƙwallo ya ɗora, ya miƙe kan ƙafa biyu, ya ɗaga dutse da hannu biyu har saitin kafaɗa, ya sauke shi da ƙarfin jikinsa duka. Matsakaicin nauyin dutsen kusan kilo 1 ne, alhali macen ba ta fi kilo 2 da ɗan ɗoriya ba, namiji kuwa wajen kilo 4. Duwatsu masu tauri ba su da yawa a yankin, don haka sai an ɗauko su an kawo maƙerar.

Matar da ta nuna gazawar kafucin a keji ita ce ta jagoranci gwajin da ya nuna iyawarsu a daji. A aikin da aka buga a 2009, an ba birai takwas zaɓi tsakanin duwatsu. Da aka haɗa dutse mai tauri da mai saurin marmashewa, sun ɗauki mai taurin. Da aka haɗa babba da ƙarami, sun ɗauki babban. Wannan duka ana iya cewa sabo ne. Sai aka kawo duwatsun da aka ƙera musamman don su yaudari ido: biyu masu girma ɗaya amma nauyi daban, sannan babba marar nauyi tare da ƙarami mai nauyi. Biran suka riƙa zuwa suna ɗan motsa dutsen, suna ɗaga shi, suna ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan su ɗauki mai nauyin, ko da shi ne ƙarami. Nauyi ba abu ne da ido ke gani ba, amma sun san shi ake nema, sun kuma san yadda za su bincika shi kafin su fara wahalar ɗauka.

Binciken da ya biyo baya ya ƙara haske. A 2013 Fragaszy ta nuna cewa biran sukan ƙwanƙwasa ƙwallo a ramin maƙera sau da yawa kafin su sake shi, kuma sukan bar shi ne a kan gefen da ya fi zama daram. A 2015 aka gano cewa a kan wani irin ƙwallo mai ɗan laushi, sukan duba shi bayan kowane duka, su ƙara ƙarfi ko su rage gwargwadon yadda ya tsage, don kada su niƙe abin da ke ciki. Sai dai wannan gwaninta ba ta zuwa farat ɗaya irin yadda Köhler ya siffanta. Ɗan biri yakan shafe shekaru yana buga ƙwallo a ƙasa, yana buga dutse a kan dutse ba tare da ƙwallo ba, yana tsintar ragowar manya. Manyan ba sa zaunar da shi su koya masa. Abin da suke bar masa shi ne maƙera, da guduma a kanta, da haƙurin barinsa ya tsaya kusa.

A wannan tsakanin ne aka wanke Carpenter. Bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004, Suchinda Malaivijitnond ta Jami'ar Chulalongkorn ta fita duba halin da birai ke ciki a gaɓar Tailan. A tsibirin Piak Nam Yai, kusa da iyakar Myanmar, ta tarar da biran makak masu doguwar wutsiya suna fasa kawa da dutse. An buga rahoton a 2007. Michael Gumert ya nuna daga baya cewa suna da guduma iri biyu: ƙarama mai tsini ta sarar kawa da ke manne, da babba ta fasa katantanwar ruwa da ƙwallaye a kan maƙera.

Abin da ƙasa ta adana

Da aka tabbatar birai suna barin duwatsu a wuraren aikinsu, sai masu tonon kayan tarihi suka shigo. A gandun Serra da Capivara, a wannan jiha ta Piauí, kafucin suna fasa ƙwallon yazawa da dutse, suna haƙa ƙasa da shi, suna kuma zura tsinke a ramuka don koro ƙadangaru. A 2016 Michael Haslam ya tona wani wurin fasa yazawa, ya samu guduma da maƙera masu shekara kusan 700. A 2019 Tiago Falótico da abokansa suka kai shekara 3,000 a wannan wurin, inda suka tono duwatsu 122. Sun kuma ga aikin ya sauya da zamani: duwatsun farko ƙanana ne, na wajen shekara 300 da suka wuce sun fi girma sosai, na ƙarni ɗaya da ya gabata kuma sun ɗan ragu, daidai da aikin yazawa na yau.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne rahoton Tomos Proffitt na 2016. A wannan gandu, biran sukan ɗauki tsakuwa mai tauri su riƙa dukan wata da ita, su lashi ƙurar da ta fito. A cikin dukan, ɓallin dutse masu kaifi kamar wuƙa suna zubowa. Da aka auna su, sai aka ga suna da alamomin da masana suka daɗe suna ɗauka shaidar hannun mai niyya, irin na tsofaffin kayan dutse na Gabashin Afirka. Amma biran ba sa yanka komai da su, ko kallonsu ba sa yi. A 2023 aka samu irin wannan a kudancin Tailan, wajen makak masu fasa ƙwallon kwakwar manja.

Abin ya taɓa wata tsohuwar gardama. A cikin gandun Serra da Capivara ne kogon Pedra Furada yake, inda Niède Guidon ta sanar a 1986 cewa ta samu shaidar zaman mutane ta shekara 32,000, a lokacin da mafi yawan masana ke ganin mutum bai fi shekara 13,000 da shiga nahiyar Amurka ba. Babbar hujjarta fasassun duwatsu ce da gawayi. Masu suka sun ce duwatsun faɗowa suka yi daga saman tsauni suka farfashe. Yanzu an samu wanda ake zargi na uku, har wasu masana biyu 'yan Ajantina suka rubuta cewa aikin birai ne. Waɗanda suka yi tonon ba su yarda ba, suna cewa akwai duwatsun da tsarin sassaƙarsu ya wuce abin da biri ke yi. Ba a rufe maganar ba, amma an rasa wata tsohuwar ƙa'ida: kaifin dutse shi kaɗai ba ya tabbatar da niyyar wanda ya fasa shi.

Inda gardamar ta tsaya

Bayan sama da ƙarni guda, babu ɓangaren da ya ci gaba ɗaya. Thorndike ya yi daidai cewa gwanintar biri tana ginuwa ne a hankali ta maimaici. Ya yi kuskure da ya zaci maimaicin makaho ne, domin birin da ke ƙwanƙwasa dutse don ya san nauyinsa ya ware siffar da ke aiki daga wadda ba ta aiki. Abin da har yanzu ba a nuna ba shi ne cewa biri yana iya ɗaukar wannan sani ya kai shi wani fage dabam, ko ya tsara abin da bai taɓa gwadawa ba. Saninsa yana hannunsa ne da jikinsa, a kan kayan da ya girma da su.

Shi ma mutum bai tsira daga wannan tambaya ba. A 2019 Maxime Derex ya yi gwaji da ɗalibai a Faransa. An ba su wata ƙafa mai sanduna huɗu da nauyin da ake matsarwa, aka ce su gyara ta don ta fi saurin gangarowa, kowa ya miƙa wa na bayansa abin da ya samu. Daga mutum na farko zuwa na biyar ƙafar ta ƙara sauri, amma da aka gwada fahimtarsu ta dalilin saurin, na biyar bai fi na farko ba. Fasaha tana iya inganta daga hannu zuwa hannu ba tare da masu ita sun san sirrinta ba.

Wani abu kuma ya fito fili: fasa ƙwallo da dutse ba halin kowane kafucin ba ne. Wasu garkuna ne ke yi, maƙwabtansu ba sa yi. A tsibirin Jicarón na ƙasar Panama, inda aka ba da rahoto a 2018, a wani yanki kaɗai na gaɓar aka ga al'adar, ko da yake biran sun bazu a tsibirin. Abin da ake gada ta wannan hanya yana iya yankewa. Gonakin waken suya suna ta matsowa kusa da Boa Vista, kuma a 2022 an saka makak mai doguwar wutsiya cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Idan garke ya watse, ana iya samun wasu birai a wani daji, amma ba lallai su san abin da ake yi da dutsen da ke kan maƙera ba. An shekara 120 kafin a koma a duba abin da Carpenter ya gani, aka kuma yi sa'a biran suna nan suna aikinsu. Babu tabbacin za su jira wani jinkirin irin wannan.